Yadda Ake Haɗa Katin Gaisuwa da Hannu a Kano, Daga Zaɓen Kwali Zuwa Ambulan

Katin gaisuwa na hannu, ko na barka da Sallah ne, ko na suna, ko na saukar karatu, abu huɗu ne ke riƙe da shi: kwali, yanka, ninki da gam. Ado daga baya yake zuwa. Yawancin katunan da za ka gani sun kumbura, ko sun fashe a gadon baya, ko bakinsu ya ƙi haɗuwa, ba a wajen ado aka samu matsala ba, tun a shagon sayen kwali aikin ya ɓaci. Shi ya sa za mu fi daɗewa a kan waɗannan huɗun, musamman ganin yanayin Kano bai cika yi wa takarda daɗi ba, ga bushewar hunturu, ga zafin bazara, ga danshin damina.

Kwalin da ya dace

Ana gane kaurin takarda da nauyinta, wato giram nawa ne faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya nata. Takardar fotokwafi giram 80 ce, wani lokaci 70 ko 75. Ba ta iya tsayuwa da kanta, don haka ba a yin jikin kati da ita. Jikin kati yana son giram 250 zuwa 300. Idan bai kai 200 ba, katin zai riƙa kifewa in an tsayar da shi a kan tebur, kuma da ya ji laimar gam zai lanƙwashe. Idan ya haura 300 kuma, ninkinsa sai da dambe, bakin ninkin ma yakan fashe. Abin da za a liƙa a fuskar katin ya isa a giram 160 zuwa 200, takardar ciki da za a yi rubutu a kanta kuwa 100 zuwa 120.

Shagunan kayan ɗab'i da na kayan rubutu a Sabon Gari suna da waɗannan duka. A tambayi giram ɗin, a duba abin da aka rubuta a jikin ƙunshin, kada a tsaya ga shafawa da hannu. Sannan a lura da fuskar kwalin. Mai sheƙi, irin wanda ake buga kalanda da katin biki a kansa, an shafe shi da wani abu da ke hana shi shan tawada. Biro da maka da hatimi duk suna jima ba su bushe ba, yatsa na taɓawa ya goge. Kwali mara sheƙi shi ne na wannan aiki. Kwali mai launi irin na 'yan makaranta yana da araha, ya kuma yi daidai da koyo, amma launinsa na kodewa idan ya sha rana. Akwai kuma wanda launin a fuska kawai yake, cikinsa fari: a dubi gefen takardar, in an ga farin layi a tsakiya, to duk inda aka ninke ko aka yanka farin nan zai leƙo.

Girman da ya fi sauƙi shi ne wanda ke fita daga A4 ba tare da asara ba. A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. A raba ta biyu a kwance, kowane rabi ya zama milimita 210 da 148, a ninke kowane rabi a tsakiya, sai a sami kati mai milimita 105 da 148. Kenan A4 ɗaya kati biyu ce. Wannan girman ne ke shiga ambulan mai milimita 114 da 162, wadda ake kira C6. A fara tabbatar da ambulan kafin a yanke girman kati, domin ya fi sauƙi a yanka kati daidai ambulan da a yi ta yawon neman ambulan daidai kati.

Akwai wani abu da ido ba ya gani amma shi ke sa ninki ya yi kyau ko ya ɓaci, wato kwanciyar zaren takarda. A masana'anta, zarurrukan da aka yi takarda da su sukan kwanta su fuskanci gefe guda. Kamar karan dawa ne, tsaga shi a tsaye ba wuya, amma karya shi a kwance sai ya yi geza. Don gane inda zaren ya kwanta, a ɗauki kwalin a ɗan lanƙwasa shi a hankali ta tsawo ba tare da an ninke ba, sannan a gwada ta faɗi. Ɓangaren da ya fi saurin bin hannu, to layin lanƙwasar ya bi zaren, kuma ta nan ya kamata ninki ya bi. Yawancin takardun A4 zarensu ta tsawo yake bi, shi ya sa ƙaramin katin da muka faɗa yake ninkuwa lafiya. Amma idan aka ninke A4 ɗin sukutum don yin babban kati, ninkin ya ratsa zaren kenan, nan ne ake yawan ganin fashewa. Mai son babban kati gara ya sayi babban fallen kwali, ya gwada zarensa, sannan ya nuna wa mai injin yanka ta inda zai yanka.

Yanka da ninki

Almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi mai tsawo, komai ƙwarewar hannu. A bar shi ga zare, ƙyalle da ƙananan siffofi. Abin da ake buƙata shi ne wuƙar yankan takarda mai bakin da ake karyewa gaɓa-gaɓa, da rular ƙarfe, da abin ɗorawa. Rular roba ba ta yi, wuƙa na cin gefenta, bayan kwana biyu layinta ya karkace. Abin ɗorawa kuwa, in ba a sami faifan roban da aka yi don haka ba, kwali mai kauri irin na bangon littafi ya wadatar, sai dai a riƙa canza shi idan ya yi ramuka, saboda bakin wuƙa na faɗawa tsohon rami ya kauce. Gilashi da tayil suna dakusar da baki nan da nan.

A sa alama da siririn fensir a wuri biyu, sama da ƙasa, a ɗora rular a kan ɓangaren da ake so, yadda ko wuƙa ta zame, ɓangaren zubarwa za ta ci. A danne rular da yatsu a baje, nesa da bakinta. Kada a nemi raba kwali mai giram 300 da ja ɗaya. A ja sau biyu ko uku da sauƙin hannu. Dannawa da ƙarfi ita ke ture rula, ita ke kuma sa gefen yanka ya tashi. Da zarar an ga gefen ya fara yin gashi-gashi, baki ya dakushe, a karya gaɓa ɗaya. A naɗe karyayyen bakin a cikin salatif kafin a jefar, saboda yara.

Ba a ninke kwali haka kawai da hannu. Sai an fara danna masa layi. A auna milimita 105 daga gefe, a sa alama sama da ƙasa, a ɗora rula, a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare ƙaf, ko bayan wuƙar cin abinci mara kaifi. A sa 'yan takardu uku ko huɗu a ƙarƙashi domin layin ya samu wurin nutsewa. Ana son kwari ne, ba tsaga ba. Idan aka juya kwalin za a ga layin ya ɗan yi tudu ta baya. Tudun nan shi ke zama cikin kati, kwarin kuma waje, haka masu ɗab'i suke yi da kwali mai kauri. A haɗa kusurwoyin biyu su daidaita tukuna, sannan a murje ninkin da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe, a ɗora farar takarda a kai don kada cokalin ya bar sheƙi. A lokacin hunturu kwali yana bushewa ya yi tauri, ya fi saurin fashewa, don haka a ja layin sau biyu, a kuma ninke shi sannu a hankali.

Gam, da abin da yanayi ke yi masa

Farin gam, irin su Top Bond, yana riƙo sosai, amma ruwa ne a cikinsa. Idan takarda ta sha ruwa ta gefe ɗaya, gefen yana buɗewa, in ya bushe ya tsuke, abin da ke jawo lanƙwasa da kumburi kenan. Maganin shi ne a rage yawansa. A zuba kaɗan a murfin kwalba, a shafa da ƙaramin burushi ko guntun kwali, siriri yadda ana iya hango takardar ta cikinsa. A tsaya milimita 2 kafin baki, saboda in an danna zai bazu da kansa. A shafa a jikin abin da za a liƙa, a ɗora, a shafe da tafin hannu ta kan farar takarda, sannan a danne da manyan littattafai. A sa leda tsakanin katin da littafin.

Tsawon lokacin dannewa ya danganta da wata. Da hunturu, tun daga Disamba zuwa Fabrairu, gam na iya yin fata kafin a gama shafa babban fili, don haka a yi aiki ɗaya-ɗaya da sauri, kuma a rufe kwalba. Minti talatin a ƙarƙashin littafi yakan isa. Da damina, musamman Yuli da Agusta, a bar shi ya kwana. Katin da aka sa a leda bai gama bushewa ba zai yi tabon fumfuna, ya kuma yi wari. Ƙurar hunturu ma abin lura ce: a goge tebur da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe kafin a fito da farin kwali, a wanke hannu daga man shafawa, don basilin na barin tabon da ba ya fita.

Salatif mai gam fuska biyu ba shi da ruwa, don haka ba ya lanƙwasa takarda, shi ne ya fi dacewa da liƙa kwali a kan kwali. Aibinsa biyu. Ba ya ba da damar gyara, in ya kama ya kama. Dabarar ita ce a ɓare 'yar kusurwar takardar bayansa kawai, a lanƙwaso ta waje, a daidaita kwalin, sannan a janye sauran a hankali. Na biyu, mai arahar yana saki da zafin Afrilu, musamman idan an bar kati a cikin mota. Gam na sanda, wanda ake murzawa, na takarda mara nauyi ne kawai, ba ya riƙe ƙyalle. Gam na bindiga, wanda ake narkarwa da zafi, yana da amfani ga duwatsun ado da kintinkiri, amma yana barin tudu. Sufa gulu kuwa a nisanta shi daga wannan aiki, yana ratsa takarda ya bar tabo mai tauri. Haka nan gam ɗin fulawa ko na sitaci da ake damawa a gida: yana riƙo, amma kyankyasai na bin sa.

Kati na farko: tagar atamfa

Wannan shi ne katin da muke ba mai farawa shawara ya soma da shi, domin kayansa a kusa suke kuma yana koyar da yanka, liƙi da daidaito gaba ɗaya. Ragowar atamfa, shadda da leshi ba sa yankewa a shagon tela, masu yadi a Kantin Kwari ma sukan sami guntaye. A zaɓi ƙyalle mai ƙananan zane, saboda babban fure ba zai fito a taga mai santimita shida ba.

A yanka jikin kati, milimita 210 da 148, a danna layi, a ninke. A yanka wani kwalin mai giram 200, launin da ya fito daga cikin atamfar, milimita 99 da 142. Idan an ɗora shi a fuskar katin zai bar milimita 3 ta kowane gefe. A bayan wannan kwalin a zana taga: milimita 18 daga hagu da dama da sama, milimita 40 daga ƙasa, don a sami wurin rubuta gaisuwa. Tagar za ta fito milimita 63 da 84. Wajen yanke ta, a fara kowane layi daga kusurwa zuwa tsakiya, kada wuƙa ta zarce kusurwa. In tsakiyar ta ƙi fita, kada a fizge, a koma da bakin wuƙa a ƙarasa kusurwar.

A goge ƙyallen da dutsen guga, in da hali a fesa masa sitaci kaɗan ya yi tauri, a yanka shi milimita 83 da 104, wato ya ɗara tagar da santimita ɗaya ta kowane gefe. A kewaye bakin tagar ta baya da salatif mai fuska biyu. A shimfiɗa ƙyallen a tebur fuskarsa sama, a riƙo kwalin a kansa ana leƙawa ta tagar har zanen ya zauna yadda ake so, sannan a sauke. Kada a ja ƙyallen ya miƙe da ƙarfi, domin zai nemi komawa yadda yake, ya janyo kwalin ya lanƙwasa. Daga nan sai a liƙa duka a fuskar katin. Idan shadda ce ko wani yadi mai santsi, kada farin gam ya taɓa inda za a gani, yana ratsowa ya bar tabo mai duhu. Idan kuma rinin baba ne irin na Ƙofar Mata, wanda yake fitowa da kyau ƙwarai a kan kwali ruwan madara, a sani cewa shuɗin yana goguwa a jikin farar takarda. A ɗauraye ƙyallen ya bushe tukuna, a kuma sa 'yar siririyar takarda a kansa kafin a zura a ambulan.

Saura takardar ciki. A yanka mai giram 100 ko 120, milimita 204 da 142, a ninke biyu. A yi rubutu a kanta tun kafin a liƙa, yadda in hannu ya kuskure, takarda ɗaya aka yi asara. A ja siririn layin gam a bayan shafinta na ƙarshe, dab da ninki, a zura ta cikin katin har ƙurya, a rufe. Gefe ɗaya kawai ake liƙawa. Idan aka liƙa biyun, katin ba zai buɗu sosai ba, takardar kuma za ta tattare.

Adon da ke kusa da mu

Ba sai an kwaikwayi furannin katunan waje ba. Wanda ya tsaya ya kalli zanen bangon Gidan Makama, ko aikin aska takwas a gaban babbar riga, ko dagin Arewa, ko allon zayyana da ake yi wa mai sauka, ya ga abin da zai ishe shi aiki shekara guda. Zayyana ta fi dacewa da katin walimar sauka: murabba'ai a cikin murabba'ai, da'irori, layuka masu sarƙa, da ja da ɗorawa da kore a cikin baƙin layi. A fara zana layukan awo da fensir, tazarar milimita 5, a bi da baƙin alƙalami mai siririn baki, a jira ya bushe, a cike launi, mai haske kafin mai duhu, sannan a goge fensir a ƙarshe. Tawadar allo ta gargajiya tana da kyau a ido, sai dai an yi ta ne don ta wanku, gumin yatsa ma yana ɗaga ta, don haka ba ta dace da abin da zai yi ta yawo a hannu ba.

Saƙar tabarma da takarda ma tana da sauƙi. A kan kwali mai milimita 90 da 130, a tsaga layuka a tsaye, tazarar santimita ɗaya, a bar santimita ɗaya sama da ƙasa ba a yanka ba. A yanka siraran takardu masu faɗin milimita 9, ba 10 ba, saboda saƙa na cin wuri, a riƙa zura su sama da ƙasa, a ɗiga gam a bakin kowace ta baya.

Hatimi kuma ana sassaƙa shi a jikin farar robar goge fensir. A zana siffar a takarda da fensir mai laushi, a kifa a kan robar a murza, zanen zai koma jikinta a juye, wanda shi ne daidai, don in an buga zai fito a miƙe. A sassaƙe inda ba a son tawada, bakin wuƙa na kallon waje da zanen, kada a yi masa rami ta ƙarƙashi ya gutsure. Wajen bugawa a danna sau ɗaya a ɗaga tsaye. Jijjigawa ke sa zane ya fito biyu-biyu.

Mai son surfani a kan kwali ya fara huda ramukan da allura, tazarar milimita 5, a kan soso ko ninkakken tawul, kafin ya sa zare. Ramukan da suka matsu da juna suna haɗewa su yage. Ba a ƙulli a baya, a danne bakin zaren da guntun salatif.

Duk adon da aka zaɓa, a bar wa ido wurin hutawa. Launi biyu ko uku sun isa, ƙyalƙyali kuma in ya yi yawa, a hannun mai karɓa da tufafinsa yake ƙarewa.

Aljihun goron Sallah, da kati mai tashi

Katin yara na Sallah ya fi armashi in da aljihun kuɗi. Takardar naira 100 zuwa 1,000 tsawonta santimita 15 da ɗan kai, ta fi ƙaramin katin tsawo, don haka ko dai a ninke ta biyu, ko a yi dogon kati mai milimita 99 da 210. Ga ƙaramin kati, a yanka takarda milimita 115 da 70, a danna layi santimita ɗaya daga hagu da dama da ƙasa, a yanke kusurwoyin ƙasa biyu, a ninke leɓɓan baya, a sa gam a kansu kaɗai. Wanda ya liƙa aljihu ba tare da waɗannan leɓɓan ba zai ga kuɗi sun ƙi shiga, ko aljihun ya ɓalle.

Kati mai tashi idan an buɗe ma ba wuya. A ninke takardar ciki mai giram 160, daga bakin ninkin a yi tsaga biyu masu tsawon milimita 25, tazararsu milimita 20. A danna layi tsakanin ƙarshen tsagogin, a buɗe, a tura harshen ciki ya zama 'yar matakala. A gabanta ake liƙa siffa, ko ƙofar gari ce, ko wata da tauraro. Ƙa'idar ɗaya ce: tsawon siffar, haɗe da milimita 25 na matakalar, kada ya wuce faɗin shafin. A shafi mai milimita 102, siffar kada ta haura 77, in ba haka ba kanta zai leƙo waje idan an rufe.

Rubutu

A ja layin fensir mara nauyi, a gwada kalmomin a wata takarda mai faɗi ɗaya don a ga inda za su tsaya. A rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu. Idan ajami ko Larabci za a rubuta, ninkin katin ya koma dama.

Kalmomin sanannu ne, kuma ba sa tsufa: "Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana", na suna, "Allah Ya raya, Ya shirya", na aure, "Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba", na alhaji, "Barka da dawowa, Allah Ya karɓi ibada". A kira mutum yadda ake kiransa a gida, Baba, Hajiya, Gwaggo, Kawu, Yaya, Malam, ba da sunan yanka ba, balle katin da zai je gidan surukai.

Shawararmu mai ƙarfi ita ce kada a rubuta ayar Alƙur'ani a fuskar kati. Kati yana faɗuwa ƙasa, yara na wasa da shi, wata rana a share shi da shara. Ko addu'ar da ke ɗauke da sunan Allah, gara ta zauna a takardar ciki, wadda za a iya cirewa a adana.

Ambulan da ajiya

In ba a sami ambulan ba, A4 mai giram 100 ko 120 ta isa a yi ɗaya. A yanka ta milimita 202 da 274. A danna layi biyu a tsaye, a milimita 20 da 182 daga hagu, da biyu a kwance, a milimita 60 da 174 daga sama. A yanke kusurwoyi huɗun da layukan suka keɓe, a ɗan karkata yankan don leɓɓan su shige juna. A ninke na gefe ciki, a sa gam a kansu, a ɗago na ƙasa ya hau. A zura guntun leda ciki kafin a danne, kada gam ya haɗe gaba da baya. Bakin rufewa kuma ƙaro ya ishe shi, shi ne dai irin gam ɗin da aka daɗe ana sa wa kan sarki da ambulan: awo ɗaya na dakakken ƙaro, awo biyu na ruwan ɗumi, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a shafa siriri a bari ya bushe. Ranar rufewa sai a ɗan jiƙa shi da yatsa. Da damina a sa takarda a tsakani, don yana iya kamawa da kansa. Katin da ke da duwatsu ko tudun ado, a ƙara wa ambulansa milimita 5 ta kowane ɓangare.

Idan katuna da yawa za a yi, kamar hamsin na walima, kada a gama ɗaya a koma wani. A haɗa guda ɗaya cikakke a matsayin samfuri, a nuna wa mai aiki ya amince da rubutu da launi, sannan a yanka duka, a danna layin duka, a liƙa duka. A yanka rarar biyar saboda kuskure, kuma a sayi kwalin a lokaci ɗaya, domin fari ma iri-iri ne, na wannan ƙunshi ba lallai ya yi daidai da na gobe ba. Aikin Sallah a fara shi tun farkon azumi, kafin teloli da masu injin yanka su shiga cunkoso. Wajen sa farashi a lissafa kwali, gam, bakin wuƙa, ambulan, leda da kuɗin mota, sannan a ɗora lokacin da aka ɓata. Saƙa da surfani suna cin lokaci ninkin tagar atamfa, bai kamata kuɗinsu ya zo ɗaya ba.

Katunan da aka gama a sa kowanne a ledarsa bayan ya bushe sarai, a jera su a tsaye cikin akwatin roba mai murfi, a jefa 'yan ƙunshin tsotse danshi irin waɗanda ke zuwa a kwalin sabon takalmi. Kada akwatin ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, saboda gara da laima. Kwalin da ba a yanka ba kuma a kwance ake ajiye shi, da wani abu mai nauyi a kai. In aka naɗe shi ko aka jingine shi a tsaye, lanƙwasar da zai yi ba ta fita ko an danne.